Nafkin ko Famfas: Me Za Mu Ɗaura wa Jariri?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa a hankali)

Masu sauraronmu na birni da na karkara, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na kula da lafiyar iyali. Uwargida, sannu da aiki. Mai jego da ke ƙuryar ɗaki da kofin kunun kanwa a hannu, sannu da arziki, Allah Ya raya mana, Ya ba uwa lafiyar shayarwa. Kai kuma maigida, don Allah kada ka murɗa akwatin rediyon nan ka ce yau hirar mata ce. Rabin maganar nan a aljihunka take, kuma kafin mu rabu akwai saƙon da na keɓe maka.

Kwanakin baya na leƙa gidan wata 'yar ƙanwata da yamma, bayan la'asar. Tun daga zaure nake jiyo kukan yaronta, ɗan wata huɗu. An ba shi nono ya ƙi, an goya shi ya ƙi, an jijjiga shi a kafaɗa duk a banza. Na ce miƙo min shi nan. Da na ɗauke shi sai na ji famfas ɗinsa ya yi nauyi, ya kumbura ya rinjayo tsakanin cinyoyinsa. Na kwantar da shi a kan tabarma na ɓalle. Warin da ya taso har ya sa idona ruwa. Fatar mazaunan yaron ta yi jajir, tana ƙyalli, a wasu wuraren ta fara saɓulewa, ga sawun roba ya zauna raɗau a matsematsinsa. Na tambaye ta, tun yaushe kika sa masa wannan? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, tun bayan sallar asuba. Guda biyu babansa ya sayo, ɗayan na dare ne."

Ban yi mata faɗa ba, domin yarinyar nan ba ƙazama ba ce, tsakar gidanta fes yake. Mijinta ma ba marowaci ba ne, abin da ya samu ke nan. Abin da ya dame ni shi ne, a cikin akwatinta akwai tsofaffin zannuwan atamfa da suka sha wanki suka yi laushi, a tsakar gida akwai rijiya, ga rana tana dukan igiyar shanya ba kowa a kai. Duk abin da zai raba yaron nan da wannan azaba yana cikin gidan. Amma bai ko zo mata a rai ba, saboda a idonta da idon ƙawayenta, ɗaura wa yaro ƙyalle alama ce ta ƙauyanci da talauci.

Wannan ne ya sa na ce yau sai mun zauna mun yi maganar nafkin, wato ƙunzugun yara na ƙyalle wanda ake wankewa a sake ɗaurawa, da kuma famfas da ake sa wa yaro sau ɗaya a jefar. Ni dai tun farko in faɗa muku inda na karkata: ga mafi yawan gidajenmu, nafkin ya kamata ya zama abin yau da kullum, famfas kuma ya zama na lalura. Zan kawo dalilaina, kuma ba zan ɓoye muku wahalar da ke cikin nafkin ba, domin na wanke shi da hannuna shekara da shekaru.

Shi wannan famfas ɗin bai daɗe a duniya ba. Sunan ma da muke kiransa da shi, sunan haja ne na kamfani ɗaya, Pampers, wanda kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fara sayarwa a shekarar 1961. Kafin nan, a 1946, wata uwa Ba'amurkiya mai suna Marion Donovan ta gaji da wankin zanin gado kullum, sai ta yanki labulen banɗaki na roba ta ɗinka wani ɗan wando da ake sakawa a kan ƙyalle don kada fitsari ya zubo. Kun ga dangin wandon robar da iyayenmu suka yi amfani da shi ke nan. Sai a shekarun 1980 aka fara zuba wa famfas wani garin sinadari mai shan ruwa, wanda ke kumbura ya zama kamar kamu idan fitsari ya taɓa shi. Idan kika taɓa ganin wasu 'yan ƙwayoyi masu santsi a jikin yaro bayan famfas ya fashe, to shi ne. Wannan garin yana iya riƙe fitsari ninkin nauyinsa sau da dama, shi ya sa saman famfas ke zama kamar a bushe alhali cikinsa ya cika.

To a nan gizo ke saƙa. An ƙera abin nan ne don gidan da zai iya cire shi ya jefar duk bayan awa biyu ko uku ba tare da an ji a jiki ba, a garin da motar shara ke zuwa ƙofar gida ta kwashe. Mu kuwa mun karɓi abin, amma ba mu da aljihun da ke tafiya da shi, ba mu da motar sharar.

Bari mu yi lissafi, uwargida ki ɗauko biro in da hali. Jariri sabon haihuwa yana ɓata ƙunzugu sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana ɗaya. Da ya girma abin yana raguwa. Mu yi sassauci mu ce sau 6 a rana. A shekara ɗaya ya zama 2,190, a shekara biyu 4,380. Yanzu mu ɗauka, don misali kawai, kowane ɗaya naira 150 ne. Ke kin fi ni sanin farashin kantin unguwarku, sai ki sa naki, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma ku buga da sefa. A wannan misali, naira 900 ke nan kowace rana, 27,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikaci zai tafi a kan abin da ake jefarwa a bola. Ina kuɗin masara, ina na makaranta, ina na magani? Kuma a gidajenmu sau da yawa yara biyu ne ke sa shi a lokaci guda, na goye da wanda aka yaye.

Farashin nan kuma ba a hannunmu yake ba. A watan Disambar 2023 shi kansa kamfanin da ke yin Pampers ya sanar da cewa zai daina ƙera kaya a Najeriya, zai koma shigowa da su daga waje. A 2024 kamfanin Kimberly-Clark mai yin Huggies shi ma ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu a jihar Legas. Waɗanda suka rage suna yi a cikin ƙasa, yawancin kayan haɗinsu daga waje suke zuwa. Don haka duk sanda dala ta motsa, sai an ji a mazaunan jariri.

Tunda babu mai iya sayen shida a rana, me ake yi? Ana sayen ɗai-ɗai a shago, biyu ko uku, a ja su su kai kwana. Na ga inda ake kankare kashin a mayar wa yaro da shi. Na ga inda ake shanya famfas a rana don a sake sakawa. Wallahi ba na ganin laifin waɗannan iyaye, amma dole in faɗi abin da hakan ke yi wa yaro.

Fatar jariri siririya ce, ba ta kai ta babba ƙarfi ba. Idan ta daɗe a jiƙe sai ta yi laushi, kamar yadda yatsunki ke yi idan kin daɗe kina wanki. Idan fitsari ya haɗu da kashi, ƙwayoyin da ke cikin kashin suna sarrafa fitsarin ya koma wannan abu mai wari mai hawa kai da kike ji da safe, shi kuma yana ƙara wa sinadaran narka abinci da ke cikin kashin kaifi, sai su shiga cin fatar. Ga ɗumi, ga laima, ga roba ta toshe iska, musamman a watannin bazara da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Daga nan sai ƙuraje, sai saɓulewa, wani lokaci har da wata cuta dangin makero mai shiga lungunan cinya ta yi ja da 'yan ɗige-ɗige a gefe.

A nan ina so ku fahimce ni da kyau. Ban ce ƙyalle yana hana ƙuraje don kansa ba. Idan aka bar yaro cikin jiƙaƙƙen nafkin da wandon roba tun safe har azahar, zai ci fatarsa fiye ma da famfas, domin ƙyalle ba ya janye ruwa daga jiki. Likitocin da suka gwada biyun ba su samu ƙwaƙƙwarar hujjar da ta nuna ɗaya ya fi ɗaya ta wannan fanni ba. Abin da ke raba lafiya da ciwo shi ne tsawon lokacin da yaro ya yi a cikin ƙazantarsa. To wace uwa ce ta fi saurin canzawa? Wadda ke da nafkin ashirin a ninke a cikin kwando, ko wadda duk cirewa ɗaya sai ta tuna naira ɗari da hamsin? Falalar nafkin ke nan a wurina: yana ba ki damar canza wa ɗanki sau goma ba tare da kin tambayi kowa ko sisi ba.

Akwai kuma wani amfanin da ba a cika ambata ba. Ƙunzugun jariri wasiƙa ce da jikinsa ke aiko miki. Ma'aikatan lafiya na cewa daga kwana biyar da haihuwa, jaririn da ke samun isasshen nono zai jiƙa ƙunzugu aƙalla sau shida a kwana, fitsarin kuma fari-fari ba mai duhu ba. Uwa da yawa na ɗura wa jariri ruwa ko madarar gwangwani saboda tsoron nononta bai isa ba, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata shida. Da nafkin, kina gani da idonki, kina ƙirgawa: ya jiƙa shida, ya jiƙa bakwai, hankalinki ya kwanta. Famfas da ya kwana ya yini kuwa ya shanye labarin duka. Haka nan idan yaro na zawo ya yi awa shida bai yi fitsari ba, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na asibiti a garzaya da shi. Idan kika ga jini a kashinsa, ko kashin ya fito fari fat kamar alli, shi ma wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiƙo ba.

Na san ana yaɗa cewa famfas na sa yaro gwame, ko yana kashe wa 'ya'ya maza haihuwa. Maganar gwame ba ta da tushe. Ƙafafun jarirai dama a ɗan lanƙwashe suke, suna miƙewa da girma. Ta haihuwa kuwa, asalinta wani bincike ne da likitoci suka yi a birnin Kiel na Jamus a shekarar 2000, inda suka ga ɗumin gaban yara maza ya ɗan fi yawa a cikin famfas. Ba su nuna cewa wani ya rasa haihuwa saboda haka ba. Kada mu tsorata mutane da abin da bai tabbata ba, gaskiyar da muke da ita ta isa. Abin da ya tabbata shi ne, a watan Janairun 2019 hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta fitar da rahoto cewa ta samu sinadarai masu haɗari, har da wasu turaruka, a cikin famfas da ake sayarwa a ƙasar, gwamnati kuma ta umarci kamfanoni su gyara. Wannan a Faransa ke nan, inda ake sa ido. To ina ga wanda ake zubawa a faranti a kasuwa, babu kwali, babu sunan kamfani, babu lambar hukumar NAFDAC, ya sha rana ya sha ƙura?

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan nafkin da famfas. Yanzu mu fita daga ɗaki mu leƙa bayan gida.

Ku bi kowane lungu a unguwanninmu da safe. Ku dubi kwata, ku dubi kango, ku dubi bakin kududdufi. Abin da za ku fi gani bayan ledar ruwa shi ne famfas, a naɗe ko a buɗe. Kaji na tona shi, awaki na ja, karnuka na yawo da shi, ƙuda ya tashi daga kansa ya sauka a kan tuwo. Yaran da ke tsince-tsince a bola suna taka shi da ƙafa ba takalmi. Ledar da ke jikinsa ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Wanda aka jefar ranar sunan yaro yana nan a ƙasa har yaron ya yi aure. Idan ya shiga lambatu sai ya sha ruwa ya kumbura ya toshe hanya, damina na zuwa ruwan ƙazanta ya dawo mana tsakar gida. Idan aka jefa shi a masai, ramin ya cika kafin lokacinsa, masu yashewa su sha wuya. Idan aka cinna masa wuta, hayaƙin roba ne yaranmu ke shaƙa.

Kuma akwai wani kuskure da ya zauna mana a kai, wai kashin jariri ba shi da illa, ai nono kawai yake sha. Ba haka ba ne. Ƙananan yara su suka fi kamuwa da cututtukan ciki, don haka kashinsu na ɗauke da ƙwayoyin zawo sosai. Zawo kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar, yara fiye da 400,000 a duniya kowace shekara bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Cutar shan inna ma, da muka sha fama da ita a Arewa, ta kashin yara take bi ta shiga bakin wasu. Kashin da ke cikin nafkin yana tafiya masai, inda ya dace da shi. Wanda ke cikin famfas yawanci yana ƙarewa a kan titi.

Wannan damuwa ba mu kaɗai ke da ita ba. A Birtaniya ana jefar da famfas kusan biliyan 3 duk shekara, har wasu ƙananan hukumomi na ba iyaye tallafi don su koma na wanki. Binciken da gwamnatin ƙasar ta wallafa a 2023 ya nuna cewa ƙunzugun wanki ya fi na jefarwa sauƙin illa ga ɗumamar yanayi da kusan kashi 25 cikin ɗari. Babbar matsalar na wankin a wurinsu ita ce wutar da injin wanki da injin busarwa ke ci. Mu kuwa Allah Ya ba mu injin busarwa kyauta a sararin sama.

To yaya ake yi? Domin na san wata amaryar tana saurare, ba ta taɓa ganin yadda ake naɗa nafkin ba.

Ki tanadi dozin biyu, wato guda 24. Idan haihuwar ta faɗo a damina, ki ƙara ya kai dozin uku, saboda shanya na daɗewa. Na tawul da ake sayarwa a kasuwa yana da kyau, mai faɗin kamar santimita 60 ta kowane gefe. Idan babu hali, tsohon zanin atamfa na auduga wanda ya yi laushi, a yanka a kalmashe bakinsa, a ninka biyu ko uku. A guji yadi mai santsi irin na leda, ba ya shan ruwa. Wanda ya sayi tawul na gwanjo, a tafasa shi tukuna. Yanzu ma akwai na zamani mai maɓallai, da aljihun da ake zura ƙyalle a ciki, ana ƙara masa girma yadda yaro ke girma, kuma telolinmu mata na iya ɗinka irinsa idan suka ga samfuri. Wannan ma wata sana'a ce ga mai ido.

Naɗin da ya fi sauƙi: ki ninka shi ya zama mai kusurwa uku, ki kwantar da yaro a kai, ki jawo kusurwar ƙasa ta tsakanin ƙafafunsa, ki haɗo na gefe biyu a kan mara. Idan da fil za ki maƙale, ki sa yatsunki biyu tsakanin ƙyallen da cikin yaro, in ma allurar za ta soki wani ta soke ki. Kada ya matse. Yatsa ya iya shiga ta kugu. Ga sabon haihuwa, ki naɗe shi ƙasa da cibiya har sai ta faɗi ta warke. Wandon roba kuwa ki bar shi don fita ko goyo. A cikin gida ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani ki kwantar da shi, kuma kowace rana ki ba shi lokaci ya sha iska tsirara. Babu maganin ƙurajen ƙunzugu da ya kai iska.

Da zarar ya ɓata, ki cire. Ki wanke shi da ruwa, mace daga gaba zuwa baya, ki tsane da ƙyalle mai laushi ba tare da gurzawa ba, ki shafa basilin ko man kaɗanya. A bar barbaɗa hoda, tana shiga huhun yaro. Kuma don Allah a daina shafa wa jarirai mayukan nan masu haɗi uku da ake saya a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. Akwai sinadari mai ƙarfi a cikinsu da ke sirantar da fata, kuma a ƙarƙashin ƙunzugu ya fi shiga jiki. Idan ƙurajen suka wuce kwana uku ba sauƙi, ko suka fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo, sai asibiti.

Wanki shi ne inda ake cin jarrabawar ko a faɗi. Ki karkaɗe kashin a masai, ki ɗauraye, ruwan ɗaurayar ma masai za shi, ba kwata ba, ba kusa da rijiya ba. Ki ajiye a bokiti mai murfi wanda aka keɓe don wannan aiki kaɗai, kada a ɗebi ruwan sha da shi, kada a yi wanke-wanke a ciki. Murfin nan ki riƙe shi da muhimmanci, domin yaro mai rarrafe na iya faɗawa bokitin ruwa da ka, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi. Kada nafkin ya wuce kwana ɗaya ko biyu ba a wanke ba. Ki wanke da sabulu da ruwan zafi, idan yaro na zawo ki tafasa. Sannan ɗauraya, ki yi ta yi har sai kumfa ta ɗauke gaba ɗaya, saboda ragowar omo a jikin ƙyalle ita kanta tana cin fata. Daga nan ki wanke hannunki da sabulu kafin ki taɓa nono ko tukunya.

Shanya kuma a kan igiya, a tsakiyar rana. Kada a shimfiɗa a ƙasa, kada a rataya a inuwa. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma da ke bin warin fitsari, yana yin ƙwai a kan rairayi ko tufafin da aka shanya a ƙasa a inuwa. Idan aka sa wa yaro, tsutsar ta huda fata ta zauna, sai ki ga wani maruru mai ɗan rami a tsakiya, yaro na ta kuka, in an matsa tsutsa ta fito. Na taɓa ganin an cire wa wata jaririya guda uku a baya, uwar tana kuka ta ɗauka jifa ne. Rana mai zafi da dutsen guga, ko da na gawayi ne, suna kashe ƙwan. Don haka a damina musamman, a goge nafkin ciki da bai.

Wata za ta ce, to salla fa, ga goyo ga fitsari? Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da duba wannan. Sun yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinta na fitsari ko kashin jariri matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, suka kuma so ta keɓe wani zani na musamman don salla. Ki tambayi malamin unguwarku ya ƙara miki bayani. Iyayenmu da haka suka rene mu, kuma ba su bar salla ba.

Su iyayen namu ma suna da wata dabara da ke rage wankin. Da yaro ya farka daga barci, ko ya gama shan nono, sai kaka ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a tsakanin ƙwaurinta, tana yi masa 'yar sautin da ya saba ji, sai ya yi abinsa a ƙasa a kwashe. A 1977 wasu masu bincike sun rubuta yadda kabilar Digo ta gaɓar tekun Kenya ke yin kusan irin wannan, har yaransu kan daina ɓata jiki tun suna wata biyar zuwa shida. Da yaro ya fara zama, ki saba masa da fo, ba duka ba tsawa. Yaron da ke jin jiƙa a jikinsa yana saurin gane abin da ke faruwa, kuma na lura a yanzu muna ganin yara 'yan shekara uku da famfas, abin da ba mu sani ba a da.

Ban ce a haramta famfas ba. Ranar tafiya mai nisa a mota, ranar asibiti, ranar biki, yana da amfani. Matar da aka yi wa tiyata wajen haihuwa kuma ba ta da mataimaki, mai tagwaye, ma'aikaciyar da ke barin ɗanta a gidan raino, wadda ke sansanin gudun hijira inda jarkar ruwa ɗaya ce ta sha da girki, duk waɗannan babu mai ganin laifinsu. A unguwar da sai an sayi ruwa wajen 'yan garuwa, dole a sa kuɗin ruwa da sabulu da gawayi a cikin lissafi, ko da yake na tabbata ko an sa, bai kai kuɗin famfas shida a rana ba. Gidaje da yawa sun samu sauƙi da raba abin: nafkin da rana, famfas ɗaya da dare. Idan kin yi amfani da shi, ki zubar da kashin a masai, ki naɗe shi ki ƙulle a leda, a kai inda ake tara shara, ko a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne.

Yanzu maigida, ga saƙonka. Kai ne za ka fi kowa jin daɗin wannan shawara, domin kuɗinka ne zai tsaya a aljihu. Amma ka sani, kuɗin da ka huta biya, bayan matarka ne zai biya shi a bakin bahon wanki. Mace ta haihu, ga wankan jego, ga shayarwa dare da rana, ga girki, ga sauran yara. Idan ka ce a koma nafkin sannan ka sa hularka ka fice, ba ka yi adalci ba. Ka tabbatar da ruwa a gidan kafin ka fita. Ka sayi sabulu ba sai an roƙe ka ba. Ka ɗaura igiyar shanya inda rana ke bugawa. Daga abin da ka rage, ka biya mai wanki ko ka ɗauko wata 'yar uwa ta taya ta, aƙalla har ta yi arba'in. Kuma idan ka dawo ka tarar da bokiti a cike tana fama da yaro, hannunka ba zai guntule ba don ka ɗauraye ka shanya. Ɗanka ne.

Ku kuma 'yan uwa mata, mu daina yi wa juna dariya. Da bakinmu muka mayar da nafkin abin kunya, har yarinya ta gwammace ɗanta ya yini cikin fitsari da a ga ƙyalle a igiyarta. Waccan 'yar ƙanwar tawa, a ranar muka yanka zannuwa biyu muka samu guda goma sha biyu, muka bar yaron ya sha iska, aka riƙa shafa masa basilin. Da na koma bayan kwana biyar fatar ta kama hanyar warkewa, yana kwance a tabarma yana wasa da ƙafafunsa.

Don haka idan an yi haihuwa a danginku ko a maƙwabta, kuna haɗa kayan barka, a cikin turmin atamfa da sabulu ku sa dozin ɗaya na nafkin da bokiti mai murfi. Ke kuma da kika iya naɗi, ki zauna ki koya wa mai jego kafin ki tafi.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Allah Ya raya mana zuri'a, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)